Adafta Mai Jan Zare

Zuwa ga Malama mai wannan fili,

Assalamu alaikum. Kafin in faɗi abin da ya kawo ni, bari in ja kunnen duk uwar da ke karanta wannan shafi. In aka kawo wa ɗanki tsarabar kayan wuta daga wata ƙasa, kada ki yi saurin guɗa. Juya bayan abin ki karanta ƙananan rubutun nan da ba wanda ya damu da su. In kin ga an rubuta ɗari da goma, alhali wutar gidanki ɗari biyu da ashirin ce, to ba tsaraba aka kawo miki ba, fitina ce a cikin kwali. Gani ya kori ji. Yanzu kuma, Malama, ki taimake ni don Allah, abin ya tsaya mini a wuya, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa ba tare da ya yi mini dariya a bayan ido ba.

Ni uwa ce mai 'ya'ya biyu. Babban yana makarantar kwana, sai ƙaramar, shekarunta sha uku, muna ce mata Auta. Na gama sakandare, ina ɗinki a gida, kuma ban taɓa yarda da tarbiyyar sakaci ba. A gidana ba a cin abinci a tsaye, ba a amsa kira da "eye", ba a kwana da kwano a wanke-wanke. Mutane suna cewa na cika zafi. Su ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wan mijina yana aiki a jirgin ruwa. Da ya zo hutu ya kawo wa Auta na'urar gem, irin ta wasan nan da ake haɗawa da talabijin, tare da wani baƙin akwati mai nauyi kamar dutsen niƙa. Ya zauna ya yi ta bayani a kan akwatin, wai shi ne yake rage wuta kafin ta shiga gem ɗin. Ni ina kicin lokacin, rabi na ji rabi ban ji ba. A raina na ɗauka irin stabilaizar nan ce da ake sa wa firij, wadda in an cire ta ma abin yana aiki.

Tun ranar yarinyar nan ta tashi daga hannuna. Ina ɗinki a ɗaki sai in jiyo ta tana ƙyalƙyala dariya, irin dariyar da rabon in ji ta tun tana aji uku na firamare. Da talabijin take yin ta. Ni kuwa in na shigo falo sai ta haɗiye ta, ta gyara zama kamar an ce mata shugaban makaranta ya iso. Na ce wannan ba tarbiyya ba ce. Na kafa doka: daga Litinin zuwa Juma'a baƙin akwatin yana kulle a wadirof, makullin kuma yana cikin makullan babanta, ya tafi da shi wurin aiki, don kada ma ta wahalar da bakinta wajen roƙona.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗa wa kowa ba. Wata Laraba da hantsi, gida ba kowa, na gama share falo na tsaya ina kallon na'urar. Na ce bari in kunna in duba, ko akwai abin banza a ciki, don haƙƙin uwa ne ta san abin da 'yarta take kallo. Haka na faɗa wa kaina. Amma tunda wasiƙar nan ba suna a kanta, gaskiya ita ce so nake in ga mene ne a ciki da ya fi ni. Akwatin yana kulle, makulli yana wurin aiki. Filogin gem ɗin kuma ƙafafunsa fale-fale ne, ba ya shiga soket ɗinmu. Sai na ɗauko adaftar da nake sa wa keken ɗinkina. Duk kayana ina ɗaura musu jan zare, ƙulli uku, don kada a ɗauka a ce ba a san nawa ba ne: almakashi, caja, tef ɗin awo, har ita adaftar. Na soka filogin a ciki, na danna a bango, na kunna.

Ƙara ɗaya ta yi, fat, kamar an fasa leda. Hayaƙi siriri ya fito ta bayanta, falo ya ɗauki ƙauri. Na yi maza na kashe wuta. Na ja adaftar in cire, ashe robar ta narke ta manne da filogin. Na ja da hannu, na ja da haƙori, na sa almakashi, ta ƙi. Sai na naɗe wayar gaba ɗaya, na tura na'urar da komai nata cikin wata jaka, na ɗaure bakinta, na buɗe tagogi.

Da babanta ya dawo na ce masa gem ta ƙone, na tarar tana wari. Ya tambayi wa ya taɓa. Ban yi ƙarya ba, Malama, Allah ne shaidata. Cewa kawai na yi, wa ke taɓa ta in ba mai ita da ƙawayenta ba? Aka yi rashin sa'a, ranar Talata da yamma Auta ta shigo da 'ya'yan maƙwabta biyu falo ina wajen kai ɗinki, abin da na hana. Ta rantse ita ba ta kunna ba. Babanta ya ce in ba ita ba ce to baƙinta ne, duk ɗaya. Ya yi mata faɗan da bai taɓa yi ba, ya kira wansa a waya ya sa ta ba shi haƙuri tana kuka, aka hana yaran maƙwabta shigowa. Ni ma na ɗora nawa, na yi mata wa'azi a kan riƙon amana. Na ga ai ko ba komai ta karya dokar shigo da baƙi, faɗan bai faɗi ƙasa banza ba. Na ce a kai jakar bola. A zuciyata na ce Alhamdulillahi, an rabu da Bukar, 'yata za ta dawo.

Ashe an haifi Habu. Washegari daga makaranta yarinyar nan ta saɓi jakar ta kai shagon ƙanwata.

Dole in yi miki bayanin ƙanwata. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, na ba ta shekara huɗu. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mai gyaran rediyo ne. Ni ce nake zuwa ta ɗaya a aji, ita kuwa daga aji biyu na sakandare ta ajiye littafi ta ce kanta ba ya ɗauka. Amma ita yake zaunarwa a kan bencinsa, ita yake miƙa wa ƙarfen narka dalma. In na matso sai ya ce in koma ga littafina, hannuna na alƙalami ne, kada in ƙone. In baƙo ya zo sai ya nuna ta ya ce ga magajiyarsa. Na kawo masa sakamakon jarrabawa ya fi sau goma, ya ce madalla, ya mayar da kansa cikin rediyo. Da ya rasu ita ta ɗauki bencin da kayan aikin. Yanzu tana da wani ɗan shago a ƙarƙashin matakalar bene, kusa da tashar mota, faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba, cike da matattun talabijin da wayoyi. Ba ta da ɗa ko ɗaya. Ban faɗa don gori ba, haihuwa ta Allah ce. Amma wadda ba ta yi goyo ba ai ba ta san ciwon baya ba.

Gyaran ya ɗauki mako uku, wai ana jiran wani abu da za a ciro daga wata matacciyar na'ura irinta. Mako ukun nan kullum Auta tana can daga tashi makaranta har la'asar. Babanta ya ce a bar ta, ai wurin innarta ne. Ta dawo tana warin dalma, bakinta bai san komai ba sai "Inna ta ce". Inna ta ce fis ne ya fara mutuwa. Inna ta ce wani abu kamar ɗan gwangwani ya kumbura ya fashe. Inna ta ba ta mita ta auna da kanta. Inna ta ce hannun Auta ba ya rawa, irin na Kaka ne. Da na ji wannan sai da na ajiye cokali. Yarinyar da na yi wata tara da ita a ciki, na yi jinyar ƙyandarta ni kaɗai, yau an gano hannunta na wasu ne.

Ba wannan ne ya fi ƙona ni ba. A cikin makonnin nan abin da ke zuwa wa 'ya mace na girma ya zo mata. A shagon nan mai ƙura ya same ta, kuma ba ta dawo gida ta faɗa mini ba sai da innarta ta gama yi mata bayani, ta saya mata abin da ya kamata. A bakin ƙanwata na fara ji, a waya, tana faɗa mini da murna kamar albishir. Shekara biyu ina shirya abin da zan faɗa wa 'yata a wannan rana, Malama. Har ƙyallen da zan ɗinka mata jakar ajiya na ware.

Ranar da aka gama, ƙanwata da kanta ta kawo na'urar. Ta soka ta a bango kai tsaye, ba akwati ba komai, ta kama aiki. Wai ta canza mata ɓangaren wutar gaba ɗaya da irin namu, an huta da baƙin akwati. Babanta yana ta sa albarka, Auta tana tsalle ta rungume ta. Ba wanda ya lura cewa dokata ce aka kashe a gabana. Me zan kulle a wadirof yanzu?

Da za ta tafi ta biyo ni kicin, ta ciro wani ƙullin leda daga jakarta ta ajiye a gefen murhu. Ta ce, "Yaya, ga kayanki, da ƙyar na raba su." Shi ke nan abin da ta ce. Na buɗe, adaftata ce, baƙa ƙirin, jan zaren yana nan da ƙullinsa uku. Ba ta faɗa wa mijina ba, ba ta yi mini gori ba, har yau ba ta sake tayar da maganar ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Yanzu in ta gaishe ni sai in ji kamar ta riƙe ni a tafin hannunta.

Kuma ba ta tsaya nan ba. Bayan kwana biyu na buɗe aljihun keken ɗinkina na tarar da sabuwar adafta, an ɗaura mata jan zare, ƙulli uku, da zaren da ke kan kekena. Ban san yadda aka yi ta shiga ɗakina ba, don ban ga zuwanta ba. In ba habaici ba mene ne wannan?

Shi ya sa na tara Auta da babanta na kafa sabuwar doka. Daga yau Auta ba za ta ƙara taka shagon nan ba. Daga makaranta sai gida. Gem ranar Asabar kawai, awa ɗaya, a gabana. Kuma ba mai ƙara cewa "Inna ta ce" a kan tabarmar cin abincina. Yarinyar ta ce "to Mama", ba ta yi musu ba. Amma Asabar biyu ke nan ba ta ko kalli gem ɗin ba. Tana zaune a bayan ƙofa tana kwance tsohuwar tocila da wuƙar tebur, in na yi magana ta amsa da ladabi kamar baƙuwa.

Ki faɗa mini, Malama, ba ni da gaskiya? Ta yaya zan sa ƙanwata ta sakar mini 'ya ba tare da ta tona ni ba? Dokar dai na riga na kafa, kuma a gidana ba a janye doka.

Uwar da aka mayar 'yar kallo

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na gode da kika rubuto, kuma na gode da kika faɗi gaskiyar Larabar nan, don ba kowa zai iya ba ko da a ɓoye. Jan kunnen da kika yi wa iyaye a kan duba lambar wuta daidai ne, na kuma sa hannu a kai. Sauran maganar kuwa, gyara zama.

Mu fara da inda kike da gaskiya. Uwa tana da ikon ƙayyade wa 'yarta lokacin wasa da lokacin karatu. Zafin da kika ji ranar da aka riga ki zama da 'yarki a kan maganar girmanta zafi ne na gaske, kuma da ƙanwarki ta yi tunani da ta turo ta gida ta ce je ki wurin mamarki. Kina iya faɗa mata haka, ba laifi. Abin da mahaifinku ya yi kuma, ko da bai nufa ba, ya bar miki tabo. Wataƙila a ganinsa ya fifita ki ne da ya ce ki riƙe alƙalami. Yaro ba ya ganin haka, benci kawai yake gani da wanda aka zaunar a kai.

Amma kin ce ba ki yi ƙarya ba. Kin yi. Tambayar da kika jefa wa mijinki ta yi aikin ƙarya tsaf, ta sa yarinya kuka a waya, ta shafa wa 'ya'yan maƙwabta laifin da ba su san hawa ba balle sauka. Kin kuma tsaya a kan wannan kin yi wa'azin amana. Ke da kika ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, duba ta wane gefe kika tanƙwara wannan.

Yanzu sabuwar adaftar. Kin ce ba ki ga zuwan ƙanwarki ba. Ba ta zo ba ne. Wa ya saɓi jakar nan zuwa shago? Wa ke tsaye lokacin da aka kwance bakinta? Wa ya tashi yana ganin jan zare mai ƙulli uku tun yana rarrafe, ya kuma san inda zaren yake a kan keke? Auta ta sani, 'yar'uwa. Ta sani tun ranar farko. Mako uku tana dawowa gida tana cin abincinki, ba ta faɗa wa babanta ba, alhali kalma ɗaya za ta wanke ta. Sannan ta lura kekenki ba shi da adafta, ta samo miki wata, ta ɗaura mata alamarki don ki san taki ce. Kin ɗauka habaici ne. Ni abin da na gani yarinya ce tana rufa wa uwarta asiri, tana kuma jira ko za a ce mata wani abu. Abin da ta samu sai doka.

Kina tsoron an ƙwace miki 'ya. Wadda aka ƙwace ba ta ɗaura jan zare. Amma in kika bar ta a bayan ƙofar nan da tocila, ranar tana zuwa da za ta daina jira, kuma ba innarta ce za ta jawo ba.

Ga abin da nake ba ki shawara. Ki kira Auta ɗaki ku biyu, ba wa'azi, ba "amma ke ma". Ki ce ni na ƙona, na bari aka ɗora miki, ki yafe mini. Girmanki ba zai zube ba, don abin da kike ɓoyewa ta riga ta gani, abin da ba ta gani ba shi ne uwarta tana karɓar laifi. Daga nan ki faɗa wa mijinki da bakinki, shi ya kira wansa ya gyara maganar, a kuma buɗe wa 'ya'yan maƙwabta ƙofa. Zai yi faɗa, zai wuce. Da kin yi haka, abin da kike ji ƙanwarki ta riƙe a kanki ya zama toka. Ita ma ki gode mata. Ta kai miki kayanki kicin ne don kada kowa ya gani.

Dokar kuma, wanda ya ɗinka riga shi ke da ikon farke ta ya gyara. Ki bar yarinya ta riƙa zuwa shago kwana biyu ko uku a mako, bayan ta gama aikin makaranta, da sharaɗin ba za ta taɓa abin da ke jone da wuta ba sai innarta tana tsaye. Wannan ya fi wuƙar tebur a bayan ƙofa aminci. Jakar nan da kika ware wa ƙyalle, ki ɗinka ta ki ba ta, maganar da kika shirya shekara biyu ba ta lalace ba, har yanzu tana bukatarta daga bakinki. Ranar Asabar kuma kada ki zauna a gabanta kamar mai gadin jarrabawa. Ki ce ta miƙo miki abin dannawar ta koya miki, tunda dama son ganin abin da ke ciki ne ya kai ki. Za ta yi miki dariya, kuma dariyar nan ce kika ce kin yi kewa.

Rana ɗaya ki raka ta shagon. Bencin mahaifinku yana nan, naku ne ku biyu, kuma babu mai ce miki ki koma ga littafi yanzu. Ki zauna a kai ki kalli hannun da kika haifa yana aiki.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya jiƙan mahaifinku, ya raya miki Auta da yayanta, ya bar ki da ƙanwarki cikin zumunci.